Takarda Ta Yi Tsawo, Lokaci Ya Yi Kaɗan: Ina Mafita Ga Mai Murya?

   Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ikara da Makarfi da Kudan. Na Paki da Pala da Saulawa, muna gaishe ku. Na Gimi da Gubuchi da Gazara, sannunku da aiki. Na Hunkuyi da Likoro da Doka, Allah ya bar zumunci.

Yau sharhinmu a kan wata sana'a ce da kowa ke jin ta, amma ba kowa ya san fuskar mai yin ta ba. Sana'ar murya nake nufi. Wanda ke karanta muku talla a rediyo, mai murya ne. Wadda ke karanta sanarwar ɗaurin aure ko ta rasuwa, mai murya ce. Haka 'yan wasan kwaikwayo na rediyo. Haka masu karanta littattafan Hausa. Haka samarin da ke ɗora murya a kan finafinan Indiya. Har muryar da ke fita daga lasifikar mai maganin gargajiya a kasuwar Makarfi ranar Laraba, wani ne ya zauna aka ɗauka.

Dukkansu akwai matsala ɗaya da ke ci musu tuwo a ƙwarya. A miƙo wa mutum takarda cike fal da rubutu, gaba da baya. Sannan a ce masa minti ɗaya gare shi. Ko a ajiye masa littafi sukutum, a ce gobe ake so. To, mene ne abin yi?

Amsata gajeriya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ƙarshen wannan fili. Idan rubutu ya fi lokaci, a rage rubutu, kada a ƙara gudu. A rage rubutu, kada a ƙara gudu.

Kafin mu kawo dalili, bari mu ɗan waiwaya baya. Sana'ar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. Tun kafin akwatin rediyo ya shigo gidajenmu, akwai mai shela. Hakimi ko dagaci zai ba shi saƙo, ya zaga unguwa-unguwa. Zai fara da cewa sarki ya gaishe ku. Sai ya faɗi abin da ake so. Gobe a fito aikin gayya. Ko a killace dabbobi, shuka ta fito. Zai faɗa, ya maimaita, ya yi gaba. Mai shela bai taɓa kwaso duk abin da aka tattauna a fada ya zazzage wa mutane a bakin kasuwa ba. Ƙwayar maganar yake ɗauka. Shi ya sa tsohuwa a cikin gida ke ji, ta riƙe, har ta gaya wa maƙwabciya.

Da rediyo ya zo, sai sana'ar ta samu sabon gida. A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin Sardauna, ta kafa gidan rediyo da talabijin a Kaduna. Ɓangaren rediyonsa ne daga baya, a 1978, ya koma Rediyon Tarayya na Kaduna. A can iyayenmu suka san muryar marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama. A Kadunan ne kuma aka san marigayi Kasimu Yero, ɗan Zariya. A can aka riƙa karanta littattafai a filin Shafa Labari Shuni. Ku tambayi duk dattijon da ya rayu da waɗannan shirye-shirye. Zai gaya muku ba ya rasa kalma ɗaya. Mutanen nan suna magana, suna numfashi, suna ba kunne damar kamawa.

Yau kuwa ƙofa ta buɗe wa kowa. Gidajen rediyo sun yawaita a Kaduna da Zariya da Kano. Tashar Arewa24 ta zo a 2014. Kamfanoni irin su Algaita a Kano sun mayar da fassarar finafinan Indiya babbar kasuwa. Yaro a Ikara, da wayarsa da ɗan makirfo, yana iya ɗaukar talla a ɗakinsa ya tura ta WhatsApp. Hukuma ma ta ƙara wa 'yan gida dama. Daga ranar 1 ga Oktoba 2022, hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, wato ARCON, ta hana amfani da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Aiki ya samu. Amma yawan aiki ya zo da yawan doguwar takarda.

To, masu sauraro, mu shiga tambaya ta farko. Me ke sa takarda ta yi tsawo?

Dalili na farko kuɗi ne. Lokacin rediyo saye ake yi. Daƙiƙa 30 da kuɗinta, daƙiƙa 60 da nata. Mai kaya ya biya na minti ɗaya. Yana ganin idan bai cusa duk abin da ke shagonsa ba, ya yi asara. Sai ya lissafa taki, ya lissafa iri, ya lissafa maganin feshi iri-iri, da injin ban ruwa, da buhu, da igiya. Ya kawo lambar waya uku. Ya ƙara da gaisuwa ga abokan ciniki.

Dalili na biyu fassara ce. Saƙonni da yawa na lafiya da noma da zaɓe, da Turanci ake fara rubuta su, a Abuja ko a Kaduna. An auna su da agogo, sun yi daidai da minti ɗaya a Turance. Sai a miƙa wa mai fassara. Kalma ɗaya ta likitoci ko ta malaman gona takan buƙaci kalmomi uku ko huɗu kafin Bahaushe ya gane ta. Kafin a ankara, minti ɗaya ya zama ɗaya da rabi. Wanda ya rubuta bai sani ba. Mai fassara ya yi nasa ya tafi. Sai nauyin ya faɗo kan mai murya.

Dalili na uku namu ne na gida, wato girmamawa. Mu mutane ne masu son a ambaci suna. Sanarwar ɗaurin aure ba ta cika sai an jero iyaye da kakanni da surukai. Kowa da Alhajinsa, kowa da sarautarsa. Sanarwar taro sai an ambaci uban taro, da babban baƙo, da baƙo mai jawabi, da mai masaukin baƙi, da iyayen ƙasa. Wannan al'ada ce mai kyau, ba na raina ta. Amma sau nawa kuka ji sanarwar da sunaye suka cinye ta, har aka zo ranar taro da wurin taro a guje, ba wanda ya kama?

Yanzu mu juya ga tambaya ta biyu. Me ya sa gudu ba mafita ba ne?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar rake ta Makarfi ya ga yadda ake lodi. Idan rake ya fi ƙarfin mota, direban kirki ba ya cewa zai ƙara wuta. Sauke wani yake yi, ya dawo sawu na biyu. Wanda ya ƙi saukewa, a hanya zai zubar. Haka mai murya yake. Abin da ya cusa da gudu, a hanya yake zubewa, bai isa kunnen kowa ba.

Ku tuna yadda ake sauraron rediyo a garuruwanmu. Manomi yana ban ruwan tumatir a fadama, rediyo na rataye a reshe. Uwargida tana tuƙin tuwo, yara na hayaniya. Mai shayi yana zuba wa mutane, ɗan acaba yana jiran fasinja. Babu wanda ya naɗe hannu yana jiran tallarka. Rabin hankalinsa kawai ka samu. Kuma rediyo ba ya komawa baya. Mai karanta jarida, idan layi ya wuce shi, zai sake dubawa. Mai jin saƙon murya a waya zai sake dannawa. Mai sauraron rediyo kuwa, abin da ya wuce ya wuce.

Akwai kuma wani abu da ya shafi harshenmu. Hausa harshe ne na karin sauti, da dogon wasali da gajere. A rubutun boko na yau da kullum ba a nuna su. Mai karatu ne ke gane su daga ma'anar jimla. Idan yana gudu, idonsa ba ya samun damar riga bakinsa. Sai ya ja inda ya kamata ya taƙaita, ya taƙaita inda ya kamata ya ja. Sai sunan mutum ya karye, sunan gari ya sauya. Mutumin Kudan yana jin an ɓata sunan ƙauyensu, ya san mai maganar bai san abin da yake faɗa ba. Daga nan ya daina yarda da sauran saƙon.

Wani zai ce ai yanzu akwai kwamfuta. Injiniya zai iya matse murya, ya yanke duk inda aka ja numfashi. Gaskiya ne, zai iya. Idan daƙiƙa ɗaya ko biyu ce ta haura, wannan dabara tana rufa asiri. Amma idan aka matse da yawa, murya takan fita daga kamanninta. Kuma wurin da mai magana ke jan numfashi, nan ne mai sauraro ke haɗiye abin da ya ji. Ka cire shi, ka hana kunne hutawa.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka an daɗe ana kuka da tallan magunguna. Za a yabi magani a natse. Idan aka zo kan illolinsa, sai a karanta a guje. Har sai da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida a watan Nuwamba 2023. Ta ce dole a faɗi illolin magani a rediyo da talabijin yadda mutum zai ji ya gane, ta fuskar ƙarfin murya da fitar kalma da saurin magana. Ku duba nan gida. Sau nawa kuka ji tallan magani, inda gargaɗin a ga likita idan ciwo ya ƙi tafiya ya wuce kafin ku ɗago kai? Wannan layin shi ne wanda rai ya rataya a kansa. Shi ne kuma ake fara tattakewa idan takarda ta yi tsawo.

Shi ya sa na ce, kuma ina sake cewa, a rage rubutu, kada a ƙara gudu. Hausawa sun riga sun faɗa, sauri kan haifi nawa.

To, mun ji ciwo. Yanzu sai magani. A nan ina magana ne da ku, ƙannena maza da mata masu wannan sana'a.

Abu na farko, kada ka shiga situdiyo da takardar da ba ka auna ba. Riƙe agogon wayarka. Karanta da ƙarfi, da muryar da za ka yi aikin da ita. Karatun zuci yaudara ne, domin ido ya fi baki sauri. Karanta kamar kana gaya wa mahaifiyarka. Idan ka gama, dubi agogo. Abin da ya nuna shi ne gaskiyar takardar.

Abu na biyu, idan ta haura, kada ka yanke kai kaɗai. Takarda amana ce. Mai ita ya biya kuɗinsa. Wani tallan ma sai da hukuma ta duba shi ta amince kafin a sa shi a iska, don haka ba a taɓa kalmominsa da ka. Kira mai aikin, ko furodusa. Yi masa magana cikin ladabi. Ka ce, ranka ya daɗe, na auna, ta haura da kusan rabin minti. Ga hanya uku. Ko mu rage, ko a sayi ƙarin lokaci, ko mu raba ta biyu. Sannan ka karanta masa ita a guje ta waya, ya ji da kunnensa. Ka sake karanta masa gajeriyar a natse. Yawancin masu kaya, da sun ji bambancin, su da kansu za su ce a rage.

Abu na uku, ka san abin da ake yankewa da abin da ba a taɓawa. Kowace sanarwa tana da ƙashin bayanta. Me ake so a yi? Wa ake kira? Yaushe? A ina? Waɗannan ba a taɓa su, maimaita su ma ake yi. Sunan kaya ba a taɓa shi. Gargaɗin lafiya ba a taɓa shi. Abin da ake yankewa shi ne maimaicin da ba shi da amfani, da kirarin da aka jera uku alhali ɗaya ya isa, da doguwar shimfiɗa kafin a zo ga zance.

Bari in ba da misali. A ce wata ƙungiyar manoman tumatir a ƙasar Ikara tana kiran taro. Takarda ta zo tana cewa, shugaba da mataimakinsa da sakatare da ma'aji da ɗaukacin shugabannin ƙungiya, a madadin dukkan 'ya'yan ƙungiya maza da mata na ciki da na waje, suna farin cikin sanar da ɗaukacin jama'a cewa in Allah ya kai mu za a gudanar da wani muhimmin gagarumin taro. Kun ji? Numfashi ya ƙare, ba a faɗi rana ba. Mai murya da ya san aikinsa zai ba da shawarar a ce, manoman tumatir na ƙasar Ikara, ƙungiyarku na kiranku taro. Ranar Asabar ne, da ƙarfe goma na safe, a wuri kaza. Za a tattauna farashi da samun iri. A zo da katin ƙungiya. Sai ya sake faɗin rana da wuri. Babu abin da ya ɓace, kuma kowa ya ji.

To, sunayen manya fa? Na san nan ne gizo ke saƙa. Ka cire sunan kawun amarya, ka jawo rigimar da za ta kai shekara. A nan shawara ita ce a raba. Idan za a sa sanarwar sau huɗu, a ɗauki kala biyu. Ta farko ta ɗauki sunayen dangin ango. Ta biyu ta ɗauki na dangin amarya. Rana da wuri su fito a kowacce. Kowa ya ji sunansa, kowa ya san inda za shi. Idan kuwa mai biki ya dage sai an jero kowa a lokaci ɗaya, to ya sayi lokacin da zai ɗauke su. Girmamawa ba ta cika idan an ambaci sunan dattijo a guje kamar ana korar sa.

Ita kuwa takardar da aka fassaro, maganinta a sake gina ta da Hausa tun daga tushe. A tambayi masu saƙon, mene ne abu ɗaya da kuke so uwa ta riƙe? Idan amsar ita ce ta kai yaro rigakafi ranar kaza a asibitin garinsu, to a faɗi haka. Sauran bayani a bar wa ma'aikatan lafiya. Masu fassarar finafinan Indiya sun daɗe da gane wannan. Jarumi ya buɗe baki ya rufe, iyakar lokacinka ke nan. Ba ka da damar ƙara ko rabin daƙiƙa. Dole ka nemo gajeriyar Hausar da za ta ɗauki ma'anar. Ƙwararru a cikinsu ma'ana suke bi, ba sa bin kalma bayan kalma.

Masu sauraro, wannan ke nan game da takardar da ta fi lokaci. Akwai kuma wani tsawon daban. Shi ne aikin da ya fi ƙarfin maƙogwaro. Mu juya gare shi.

Littafin Hausa mai juzu'i uku ko huɗu, ana so a karance shi don rediyo ko YouTube. Fim ɗin Indiya na awa uku, mutum ɗaya yana yin muryar jarumi da ta mugu da ta tsoho. Lokacin siyasa, talla goma a yini ɗaya, kowacce da ihu. A nan ba a yanke rubutu. Aikin ake yankawa gida-gida.

Fara da karanta aikin gaba ɗaya kafin ka kunna makirfo. Ka san inda labari ya dosa. Kada ka ba wani murya mai laushi a babi na farko, ka je babi na tara ka tarar ashe shi ne azzalumin. Riƙe biro. Sa alama inda za ka numfasa. Ja layi a ƙarƙashin sunaye masu wuya, ka tambayi yadda ake faɗarsu. Ajiye ɗan guntun muryar kowane ɗan wasa a wayarka, domin idan ka dawo bayan kwana uku ka tuna yadda ka yi shi. Tsaya a ƙarshen babi, kada ka tsaya a tsakiyar zance. Wuraren ihu da kuka, bar su zuwa ƙarshen zama. Idan ka fara da su, sauran yinin da dasasshiyar murya za ka yi.

Kuma ka huta. Murya tsoka ce, tana gajiya. Ajiye ruwa kusa da kai, kana kurɓa. Lokacin hunturu, ƙura da bushewar iska sukan cinye maƙogwaro, sai a rage tsawon zama. Da azumi, a kai aiki mai nauyi bayan shan ruwa. Idan murya ta dushe, kada ka matsa mata, kada kuma ka koma raɗa, domin raɗa ma wahalar da ita take yi. Shiru ne maganin. Idan dushewar ta wuce mako biyu zuwa uku, a je a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ga asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da mu. Ga kuma cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa a Kaduna.

Kada wani ya ce wannan shagwaɓa ce. A Amurka, masu ɗora murya a wasannin kwamfuta sun shiga yajin aiki a watan Oktoba 2016, suka kusa shekara ba su koma ba. Cikin kokensu har da doguwar ɗaukar ihu da ke lalata musu murya. Manomi yana da fartanya ta biyu. Tela yana iya sayen wani keke. Mai murya kuwa, murya guda ɗaya Allah ya ba shi.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce wadda kunya ke hana mu yi. Maganar kuɗi. Sau da yawa za a kira yaro a ce ɗan gajeren abu ne, zo ka taimaka. A yi ciniki a kan shafi ɗaya. Ya iso ya tarar da shafi biyar. Ya gama, a ce an sauya ranar taro, a sake. A sake cewa Alhaji ya ƙara suna biyu, a sake. Kuɗi kuwa na nan yadda aka faɗa da farko, wani lokaci ma sai Allah ya saka da alheri. Addu'a muna so, amma ba ta sayen katin waya.

Tun ran gini tun ran zane. Kada ka faɗi farashi sai ka ga takarda. A yi ciniki a kan abin da ake iya aunawa, ko shafi, ko minti, ko babi. A amince tun farko cewa kuskuren bakinka kai za ka gyara kyauta, amma sauyin da mai aiki ya kawo bayan an ɗauka, sabon aiki ne. A rubuta wannan ko da a saƙon waya ne, kowa ya riƙe. Ba rashin kunya ba ne. Addininmu ma ya koyar da a fayyace lada kafin a fara aiki, kuma a biya ma'aikaci hakkinsa a kan kari.

Wataƙila wani ya ce, idan na tsaya ina kawo sharaɗi, za a ba wani. Ko a ba na'ura, tunda yanzu akwai manhajojin da ke karanta rubutu da murya irin ta mutum. To, na'ura za ta karanta duk abin da aka zuba mata, komai tsawonsa. Amma ba za ta kira Alhaji ta ce masa takardar nan ta yi yawa, mutanen Hunkuyi ba za su kama ranar taro ba. Wannan kai ne za ka iya. Wanda ka taɓa ba shawara tallarsa ta kawo ciniki, shi zai sake nemanka, har ya turo maka wani.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya fara hararar mu, kuma bai kamata mai wannan sharhi ya ƙare a guje ba. Ga kirana. Ku 'yan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi da masu biki, kafin ku kai takarda gidan rediyo, ku karanta ta da ƙarfi a gida, agogo na hannu. Ku zaɓi abu ɗaya da kuke so a riƙe. Idan mai murya ya ce ta yi tsawo, ku saurare shi, kuɗinku yake tsare muku. Ku ma'aikatan gidajen rediyo, ku mara wa yaranku baya idan sun faɗi gaskiyar agogo. Ku kuma ƙannena masu murya, a Ikara kuke ko Makarfi ko Kudan, ku auna kafin ku ɗauka, ku yi shawara kafin ku yanke, ku yi ciniki kafin ku fara, ku kula da maƙogwaronku. Idan rubutu ya fi lokaci, a rage rubutu, kada a ƙara gudu.

Ku kuma da ke gida, idan kun ji sanarwar da ta wuce ba ku kama komai ba, ku gaya wa gidan rediyon. Don ku aka yi ta, kuna da hakkin ku ji ta sarai. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa wa sana'o'inmu albarka.